Littafin Ƙyalle da Ya Ƙi Rufuwa

Tambaya: Ni maɗinkiya ce a unguwar Birni, nan Damagaram. Na haɗa littafin ado da guntayen atamfa da shadda, na liƙa masa wuri, irin na kuɗin da, da tsofaffin makullai, amma ya kumbura ya ƙi rufuwa, tsatsa kuma ta ɓata shafi biyu. Ina gyaran yake?

Amsa: Malama, matsalar daga gindin littafin take, domin kayan da kika ɗora sun ƙara wa shafuka kauri a tsakiya, alhali wurin ɗinkin yana nan siriri. Ki yanka ƙyalle mai faɗin yatsa biyu, ki ninka shi, ki cusa tsakanin kowane shafi da mai bi masa kafin ki ɗinke, har kaurin gindi ya yi daidai da na ciki.

Wuri kuwa ɗinka shi ake yi. Ki goge bayansa a kan dutse har ya huje, sannan ki ratsa shi da zaren da kika murza da kakin zuma. Ni dai ban yarda da manne abu da kokon fulawa ba, saboda gayyatar gara da kyankyasai ne.

Makullan ƙarfe ki kankare su, ki shafa musu banish, wato man da kafintoci ke shafa wa katako ya yi ƙyalli, tunda laimar damina ce ke tayar da tsatsa. Tabon da ya riga ya kama, ki zagaye shi da surfani ya zama ado. Dukawan garinku za su ɗinka miki gafaka ta jar fata wadda za ta tsare shi daga ƙurar hunturu.