Dalma a Abincin Jarirai: Akwai Ma'auni Kuwa?

Tambaya: Na ji an ce a Amurka an samu guba a abincin jarirai na gwangwani. Da gaske ne, kuma ya zan kare ɗana mai wata takwas? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Da gaske ne, Hajiya. Rahoton majalisar dokokin Amurka na 2021 ya nuna sinadarai masu guba, wato dalma, arsenik, kadmiyom da zaiba, a abincin jarirai na manyan kamfanoni. Amfanin gona ke tsotso yawancinsu daga ƙasa da ruwa. A Janairun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta sa wa dalma iyaka a abincin jarirai: kashi 10 cikin biliyan a 'ya'yan itace da ganye, 20 a karas, dankali da garin kunu. Sai dai wannan jagora ce kawai, ba doka ba.

Shinkafa ta fi jan arsenik saboda a ruwa take girma. Ki dafa kofi ɗaya da ruwa kofi shida zuwa goma, ki tsiyaye. Kusan rabin arsenik ɗin zai tafi. Ki riƙa sauyawa da kunun gero ko dawa, ki fere dankali. Kada ki kai niƙa injin da ake niƙa dutsen zinariya, don dalmar da ke cikin ƙurarsa ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.