Me ya sa aka koma maganar iskar metan, alhali kabon ce babbar matsala?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kullum muna jin cewa iskar kabon ce ke ɗumama duniya. Yanzu kuma sai ga shi an koma maganar wata iska wai ita metan, har ana ɗora wa shanu laifi. Shin rage ta zai yi wani amfani, ko dai kauce wa babbar matsalar ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, zai yi amfani, kuma a cikin matakan da ke hannun ɗan Adam a yau, wannan ne zai fi saurin nuna sakamako.

Dalilin yana cikin halin iskokin biyu. Metan kamar wutar kara take, kabon kuwa kamar gungume. Metan na da zafin gaske: a cikin shekara 20 bayan fitarta, tana riƙe zafin da ya ninka na kabon mai nauyi ɗaya da ita kusan sau 80. Amma ba ta daɗewa, bayan kimanin shekara 12 ta lalace a sararin sama. Ita kabon, wani sashenta kan yi ɗaruruwan shekaru. Saboda haka idan aka rage metan bana, waɗanda suke raye yanzu ma za su ga bambanci. Yawanta a sama ya ninka fiye da sau biyu da rabi tun farkon zamanin masana'antu, kuma ita ce ke da alhakin kusan kashi 30 cikin ɗari na ɗumamar da aka samu. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya nuna cewa rage ta da kashi 45 cikin ɗari kafin 2030 zai kawar da kusan digiri 0.3 na ƙarin zafi nan da shekarun 2040. Kada a raina wannan adadi, domin iyakar ƙarin zafin da yarjejeniyar Faris kan sauyin yanayi ke ƙoƙarin kada a wuce digiri 1.5 ce kacal.

Batun shanu gaskiya ne, sai dai ba nan ya kamata a fara ba. A tumbin dabbobi masu tuƙa akwai ƙwayoyin halitta da ke narkar da ciyawa, su ne ke samar da iskar, mafi yawanta kuma ta gyatsa take fita. Kiwo na ba da kusan kashi ɗaya cikin uku na metan ɗin da ayyukan mutane ke fitarwa. Ana samun sauƙi ta hanyar inganta abinci da lafiyar dabba, akwai ma wani sinadari mai suna Bovaer da ake haɗawa da abincin shanun madara, yana rage iskar da kusan kashi 30 cikin ɗari. Amma abu ne da ake ba dabba kullum, don haka ya fi dacewa da shanun da ke ɗaure a wuri guda. Gonakin shinkafa ma suna fitarwa idan ruwa ya daɗe a kwance. Barin gona ta ɗan sha iska kafin a sake ba ta ruwa yana ragewa sosai.

Inda nake ganin babu uzuri shi ne fannin mai da gas da kwal, wanda ke fitar da kusan kashi 35 cikin ɗari. Gas ɗin da ake haƙowa don sayarwa, kusan dukkansa metan ne. Wato abin da ke tsiyaya daga bututu ko bakin rijiya haja ce ke bin iska. Ido ba ya ganinta, amma idan aka haska kyamara ta musamman a kan tankin da ake zaton lafiyarsa ƙalau, sai a ga iskar na tuɗaɗowa daga murfinsa. Sau da yawa gyaran bai wuce sauya bawul ko ɗaure mahaɗa ba. Hukumar makamashi ta duniya ta ce da fasahar da ake da ita yanzu za a iya kawar da kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da fannin ke fitarwa, kaso mai yawa kuma kuɗin gas ɗin da aka ceto zai biya aikin. Tsiyayar wuri ɗaya ma kan yi yawa: rijiyar gas guda a Aliso Canyon ta jihar Kalifoniya a Amurka ta saki kusan tan 100,000 na metan tsakanin Oktoba 2015 da Fabrairu 2016. Yau tauraron ɗan Adam na hango irin wannan daga sama, ɓoyewa ta yi wuya.

Juji ma haka, ana iya tara iskar da ke tashi daga ruɓaɓɓiyar shara a samar da lantarki da ita.

Tsoron da ka nuna yana da tushe. Rage metan ba ya maye gurbin rage kabon, domin kabon tana taruwa ne shekara bayan shekara. Kuma alƙawari daban, cikawa daban. A taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a birnin Gilasgo a 2021, Amurka da Tarayyar Turai suka jagoranci alƙawarin rage metan da kashi 30 cikin ɗari kafin 2030, idan aka auna da 2020. Ƙasashe fiye da 150 sun shiga, amma Sin da Indiya da Rasha, waɗanda ke cikin manyan masu fitarwa, ba su sa hannu ba, alƙawarin kuma ba shi da hukunci a kan wanda ya saɓa.