Kwafin zanen Japan: wanda aka yi da fenti ya fi kusa da na asali?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gyaran falona ne, sai na ga hoton nan na Japan mai ƙatuwar igiyar ruwa a wani shagon intanet. Mai shagon ya ce nasu da hannu aka zana shi da fentin mai a kan ƙyalle, shi ya sa ya fi na takarda tsada, wai kuma shi ya fi kusa da na asali. Gaskiya ne? In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Hoton da kike nufi shi ne Babbar Igiyar Ruwa ta Kanagawa, aikin Katsushika Hokusai, wanda ya fito wajen 1831 cikin jerin hotunansa na Dutsen Fuji. Mai shagon kuwa ya juya miki maganar ne. Na asalin ba a taɓa zana shi a kan ƙyalle ba, buga shi aka yi a takarda.

Ga yadda ake yi a birnin Edo, wato Tokyo ta yau. Mai zane zai yi zanensa da tawada a siririyar takarda, a miƙa wa masassaƙi. Shi kuma ya kife ta a kan allon icen ceri, ya manna, ya sassaƙe duk inda babu layi. A nan zanen hannun yake ƙarewa, domin wuƙa ce take cinye shi. Sannan a sassaƙa wa kowane launi fuskar allonsa. Mai bugu ya shafa launin da aka dama da ruwa da ɗan kunun shinkafa a kan allon, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani faifai da ake kira baren, launi bayan launi, kamar mai buga hatimi. Dubbai aka buga na wannan igiyar, ana sayar wa talakan gari a kuɗin da bai wuce na ɗan abincin rana ba sosai. Yau ɗari da 'yan kai suka rage, kuma a 2023 an yi gwanjon guda a New York kan dala miliyan 2.76.

To kin ga abin da ya ba hoton kyau daga katakon ya fito: layi mai kaifi, launi shimfiɗaɗɗe wanda ya nutse cikin takarda ba ya ƙyalli, da shuɗin nan mai duhu da aka shigo da shi Japan daga waje, wanda a lokacin sabon abu ne. Fentin mai kuwa kauri ne da shi, yana zama a saman ƙyalle, yana barin sawun burushi. Girman ma ya bambanta. Na asalin ƙarami ne, kamar santimita 25 da 37, amma masu kwafi sukan buɗa shi ya cika bango, har yatsun kumfar nan su koma dunƙule, rubutun Japananci da ke gefen hagu ya zama zane-zanen da ba ya karantuwa.

Ban ce kwafin fenti aibi ne ba. Van Gogh, shahararren mai zanen ƙasar Holland, da kansa ya kwafi hotuna biyu na Hiroshige, wani mai zanen Japan na zamanin Hokusai, da fentin mai a 1887, ɗaya na lambun furanni, ɗaya na ruwan sama a kan gada, suna nan a gidan tarihin Van Gogh a Amsterdam. Sai dai kowa ya san aikin Van Gogh yake kallo. Haka naki zai zama: aikin wanda ya zana miki ne, kyansa gwargwadon hannunsa. In babban abu kike so da zai cika bangon falo, ki saya da wannan sanin, amma kada ki ƙara ko sisi don wai ya fi kusa da asali.

In kusanci da asali kike nema, akwai masu bugun gargajiya har yanzu, irin su cibiyar Adachi da ke Tokyo tun 1928, waɗanda ke sake sassaƙa allunan su buga da hannu a takardar Japan. Ni dai in kuɗin ya isa, wannan zan zaɓa. Ana gane shi ta baya: za ki ga launi ya ɗan ɓullo, ga sawun murzar baren. In kuɗin bai kai ba, bugun inji mai kyau a takarda marar ƙyalli ya fi fenti kama da hoton gaske.

Abin da za ki fi yi wa hattara shi ne wanda aka buga da inji a ƙyalle, aka ɗan goga fenti a sama, aka ce aikin hannu ne. Ki sa mai shagon ya turo miki hoton ainihin wanda zai aiko, daga kusa, haske na dukansa ta gefe. In ƙananan ɗige-ɗige suka bayyana a ƙarƙashin fentin, inji ne.

Wani abu kuma, tunda ba kowa ke lura ba: akwai jiragen ruwa uku a cikin igiyar, da mutane a duƙe a cikinsu. In kina gudun rataye hoton mai rai, a jerin akwai wanda ake kira Jan Fuji, dutse ne kawai da gajimare da daji.

In na takarda kika ɗauka, a sa masa gilashi, da kwali tsakaninsa da gilashin don kada su haɗu, a liƙe bayan firam ɗin saboda ƙurar hunturu. Kada ki rataye shi inda rana ke faɗawa ko a bangon da ke tsatsafo da damina, domin ja da rawaya ba sa jimirin haske, takarda kuma da ta sha danshi sai ta yi tabo.