Amsa: koyar da mata jiu-jitsu kafin samun baƙin bel

'Yar'uwa, kin tambaya ko za ki iya fara koyar da mata jiu-jitsu, wato wani salon kokawa, alhali ba ki kai ga baƙin bel ba, wato ɗamarar da ke nuna matakin ƙwararru. E, za ki iya, muddin malaminki ya amince kuma yana sa ido. A jiu-jitsu irin na Brazil, samun baƙin bel yakan ci kimanin shekara 10, shi ya sa da yawa suke fara riƙe ajin sababbin shiga tun kafin nan.

Sharaɗina ɗaya ne. Kafin ki nuna musu shaƙe wuya ko murɗe hannu, ki saba musu da bubbuga abokiyar karawa, alamar sallamawa, da zarar sun ji zafi, ita kuma ta saki nan take. Sabuwar ɗaliba takan ji kunyar sallamawa, ta yi ta daurewa har gwiwar hannu ta gurɗe. Na ga wannan ya raba mata masu ƙwazo da wasan, kuma abin yana damuna ƙwarai.