Amsa ga mai tambaya kan karen maƙwabci a gidan haya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta tambayarki: maƙwabcinku ya kawo ƙaton kare yana sakinsa a tsakar gida, jiya ya kai wa yaronki cafka har ya yaga masa wando, mai gidan hayar kuma ya ce ba ruwansa. Irin wannan ta taɓa samuna a Kaduna, shi ya sa na kasa wucewa.

Kafin komai, ki haska ƙafar yaron nan da fitila ki duba da kyau. Yara kan ɓoye ciwo don gudun faɗa. In haƙori ya taɓa fata, ko da ɗan ƙarzane ne, ki ajiye zancen maƙwabci tukuna, ki nufi asibiti.

Tawa 'yar shekara 6 ce lokacin. Gidan ɗaki 8 ne, famfo ɗaya, ƙofa ɗaya. Mutumin ɗakin ƙarshe aka sace wa babur, sai ya je ya samo kare. Da an idar da Isha'i zai kwance shi, sai gari ya waye. Maza masu fita Asuba sai sun tsaya a bakin ɗaki suna ƙwala masa kira ya zo ya riƙe abinsa. Wata safiya yarinyar ta fito da buta, karen ya taso, ta ruga, ya kama ta a sharaɓa. Nan take wata dattijuwa ta ce a tsigo gashinsa a ƙona a barbaɗa a ciwon. Allah ya so mu, ƙanwar Abban yara malamar asibiti ce, muka kira ta. Ta ce mu kai ta bakin famfo, sabulu da ruwa mai gudu, minti 15, mu riƙa duba agogo. Minti 15 ba wasa ba ne in yarinya na tsala ihu kina danne da ita, amma wankin nan shi ne matakin farko. Daga nan asibiti. An yi mata allurar tetanus, sannan ta haukar kare guda 5: ranar da abin ya faru, sai kwana na 3, na 7, na 14 da na 28.

Kada ki ga kamar na zuzuta. Ciwon haukar kare, da zarar alamunsa sun fito, mutum ya fara tsoron ruwa yana zubar da yawu, kusan ba a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Na san za a samu masu ce miki a zuba masa shinkafar ɓera ko fiya-fiya a tuwo a huta. Don Allah kada ki soma. A tsakar gidan nan yaranki ke rarrafe, kaji ke kiwo. Ga alhakin dabba, ga shi ke da aka zalunta ki koma mai laifi. Kuma karen da ya ciji mutum so ake a tsare shi a sa masa ido kwana 10. In yana nan garau yana ci yana sha, hankali ya kwanta. In ya mutu a tsakanin nan, likitocin dabbobi ake kai wa kan karen su gwada, irin aikin da cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, ta daɗe tana yi.

To, batun mai gida. Mu ma namu cewa ya yi mu sasanta kanmu, tunda shi ba a gidan yake kwana ba. Na ɓata wata guda ina cacar baki da matar maƙwabcin, ba abin da na tsinta sai gaba. Abin da ya yi aiki shi ne takarda. Mu 'yan haya 5 muka sa hannu, muka rubuta ranar cizon, muka haɗa da hoton ciwon da rasit ɗin asibiti, muka ce in haka za a ci gaba ba za mu sabunta haya ba. Ɗaya muka ba ejan ɗin gidan, ɗaya muka kai wa mai unguwa. Mutumin da ya ce ba ruwansa, da ya lissafa ɗaki 5 babu kowa, a satin ya zo da kansa.

A zauren mai unguwa aka zauna. Tambayar farko da aka yi wa mai karen: ina katin riga-kafinsa? Babu. Ki riƙe wannan tambayar, ta fi kowane zagi tasiri. Aka yanke ya kai shi asibitin dabbobi a yi masa allura, a riƙa sabuntawa duk shekara, ya yi masa keji a bayan ɗakinsa, ba sakinsa sai ƙarfe 12 na dare, kafin kiran sallar farko kuma ya mayar da shi. Ya biya rabin kuɗin allurar yarinyar. Da ya ƙi, niyyarmu mu kira duba-gari, mu kuma shigar da ƙorafi ofishin 'yan sanda. Ba a kai ga haka ba.

Gaskiya ɗaya ce, tun da karen nan ya zo ko bokiti ba a sake ɗauke mana ba. Shi ya sa ban nemi a kore shi ba, tsarewa na nema.

Kafin a zauna, ki koya wa yaranki: in ya taso kada su gudu, su tsaya cak, hannu a jiki, kada su zuba masa ido. Ki hana su jifansa, don yaranmu akwai tsokanar kare, kuma kada su matsa kusa in yana cin abinci. Wandon nan da ya yage kuwa kada ki ɗinke, ki ninke ki ajiye, ranar zama za ki buƙace shi.