Ku Tambaya Mu Amsa: Wane ne Kyaftin Glover, mai "Hausawan Glover"?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Zango ne a Kumasi, tsofaffinmu suna yawan cewa kakanninmu wasu da fatauci suka zo Gana wasu kuma wani Bature ne Goloba ya kawo su yaƙi. Dan Allah wane ne wannan Goloba, kuma da gaske ne sojan ruwa ne? In sojan ruwa ne me ya haɗa shi da Hausawa mutanen tudu?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, a gaida mutanen Zango. Tsofaffin naku sun yi gaskiya. Goloba ɗin nan sunansa John Hawley Glover, bakin mutanen Legas ne ya mayar da shi Goloba, kuma eh, hafsan sojan ruwan Ingila ne. An haife shi a shekarar 1829, babansa limamin coci ne, ya shiga aikin sojan ruwa a 1841 yana ɗan shekara 12, a lokacin haka ake yi, yaro a kai shi jirgi ya girma a ciki yana koyon awon ruwa da zanen taswira da sauransu. Ya je yaƙin ƙasar Bama (Myanmar ta yau) na biyu inda aka ji masa mummunan rauni a 1853. Har zuwa nan dai babu abin da ya bambanta shi da ɗaruruwan ƙananan hafsoshi irinsa.

Abin da ya sauya masa hanya shi ne tafiyar Kogin Kwara ta 1857. Likitan sojan ruwan nan William Baikie shi ke jagorantar tafiyar a wani jirgi mai tururi da ake kira Dayspring, limamin cocin nan Bayarabe Samuel Ajayi Crowther ma yana ciki, shi kuma Glover aikinsa ya auna kogin ya zana inda jirgi zai iya bi. Suna kaiwa wajen Jebba jirgin ya daki dutse ya lalace, suka maƙale a bakin kogi wata da watanni. Toh a nan ne fa mutumin ruwa ya koma mutumin tudu, domin ya riƙa bin hanyar ƙasa tsakanin Kwara da Legas ta cikin ƙasar Yarabawa, kuma a wannan zirga-zirgar ne ya haɗu da bayi 'yan arewa masu jin Hausa da aka sayar kudu, waɗanda suke neman duk wata ƙofa ta kuɓuta, wasu suka bi shi suna masa dako suna masa rakiya, ya ga juriyarsu ya riƙe abin a ransa.

Ingila ta karɓe Legas daga hannun Oba Dosunmu a 1861, zuwa 1863 Glover ya zama mai riƙe da mulkin garin, ya kuma yi ta riƙewa har 1872. A 1863 ɗin ne ya haɗa ƙaramar rundunarsa da aka yi wa laƙabi da Hausawan Glover, kuma in ka duba tarihin da rundunar sojan Najeriya take bayarwa game da kanta daga nan take farawa, daga mutum 18. Sai dai ka lura, Hausawan nan ba duka Hausawa ba ne a jini, akwai Nufawa akwai Barebari akwai wasu ƙabilun, duk wanda ya fito daga arewa yana jin Hausa, galibi Musulmi, sai Turawa su rubuta shi Bahaushe. Mutanen Legas kuwa ba su yi musu kyakkyawan suna ba, ɓarayi arba'in suke ce musu.

Ni a ganina nan ne ake yawan kuskure, wasu sai su ce ai Glover masoyin Hausawa ne. Lissafi ne kawai ɗan'uwa. Mai mulkin da yake baƙo a gari yana buƙatar sojan da shi ma baƙo ne, ba shi da uwa ba shi da uba a garin, in an ce ya kama wani ba zai tsaya yana tunanin surukinsa ba ne, kuma bawan da ya gudo ya san in ya cire kaki ubangidansa na jiransa a waje, kaga ba shi da inda zai je. Su ma ta nasu ɓangaren ba wawaye ba ne, kaki ya ba su 'yanci da albashi da bindiga a lokacin da ba wanda zai ba su ko ɗaya daga ciki. Kowa da abin da ya kai shi kasuwar.

Da su ya yi amfani a 1865 lokacin da ya kori dakarun Egba, wato Yarabawan Abeokuta, da suka yi wa Ikorodu ƙawanya, abin da ya ƙara ɓata tsakaninsa da Abeokuta. Mutum ne mai zafin kai da son shiga sha'anin da ba a aike shi ba, manyansa a Landan sun sha ja masa birki kan tsoma baki a rikicin Yarabawa. Amma kuma ya yi aikin gari, shi ya ba wa Kiristocin Egba da aka koro daga Abeokuta a 1867 fili a Ebute Metta.

Zancen Gana kuwa ya zo ne a 1873 da yaƙin Asante ya tashi. Babban kwamanda Janar Garnet Wolseley ne, shi ya nufi Kumasi kai tsaye daga Cape Coast da sojojin Turawa, Glover kuma aka ba shi ɓangaren gabas ta wajen Kogin Volta, ya taho da Hausawansa daga Legas ya kuma ƙara ɗiban wasu a Ankara, nan ma yawanci bayi, har ya samu saɓani da iyayengijinsu. Wolseley ya shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairun 1874 ya ƙone ta ya juya, Glover bai iso ba sai bayan kamar mako guda ya tarar da toka. Duk da haka labarin wata runduna na tafe ta gabas yana cikin abin da ya sa sarkin Asante Kofi Karikari ya gaggauta sulhun Fomena. Akwai wani abu a yaƙin da nake so ka sani, ɗaya daga cikin hafsoshin Glover mai suna Reginald Sartorius ya samu lambar Victoria Cross, wadda ita ce ƙololuwar lambar jarumta a Ingila, saboda ya ɗauko wani saje-manjan Hausawa mai suna Braimah Doctor daga cikin ruwan harsashi a Abogu, duk da dai raunin shi ya yi ajalin saje-manjan. Bayan yaƙi da yawansu ba su koma ba, suka zauna suka yi aure, a 1879 kuma aka kafa rundunar Gold Coast, wato Gana ta yau, ta kanta daga cikinsu. Amma kar ka manta fataken goro sun riga su sanin hanyar Gonja da Salaga nesa ba kusa ba, shi ya sa tsofaffinku suka raba zancen biyu.

Tambaya: Malam, ni kuma daga Jebba nake. Ya ƙarshen mutumin ya kasance, a Afirka ya mutu?

Amsa: A'a 'yar'uwa. Bayan yaƙin Asante an ba shi lambar girma ya zama Sir John, a 1876 aka tura shi gwamna a Newfoundland, tsibirin sanyi da yanzu yake cikin Kanada, daga 1881 ya yi gwamnan tsibiran Leeward da ke yankin Karibiyan na ɗan lokaci, sannan aka sake mayar da shi Newfoundland. Ya rasu a Landan a watan Satumban 1885 yana da shekara 56. A Newfoundland akwai gari mai suna Glovertown, a Legas kuma akwai Glover Memorial Hall da titin Glover a Ikoyi. Bai ga zuwan Lugga ba, amma tsarin da ya fara na ɗaukar soja masu jin Hausa shi aka faɗaɗa aka kafa rundunar da ta ci Kano da Sakkwato a 1903.