Nutsa eriya cikin bodin tsohuwar 504

Malam, ka ce kana son eriyar Peugeot 504 ɗinka ta shige cikin bodi, kar ta tsaya a waje. Na yi wa tawa a Garwa. Ana huda fenda ne, wato ƙarfen bodi da ke saman taya, a yi waldar guntun bututu a ciki, eriya ta zauna a ƙasansa. Amma fa ƙarfe yana tare sigina, in za ka ji FM dole sandar ta fito kamar santimita 75, shi ya sa mai tashi da kanta ta fi. Kar ka manta ƙaramin rami na zubar ruwa a gindin bututun, ni na manta, damina ɗaya tsatsa ta cinye wurin wallahi. Waldar kuma kai wa gwanin bodi, ƙarfen siriri ne, zafi kaɗan ya lanƙwashe. A cire batir tukuna.